Tarihin France Gall, mawaƙiyar Faransa

France Gall na daga cikin mawaƙan da suka fi farin jini a ƙasar Faransa a rabin ƙarshe na ƙarni na 20.

Ta fara fitar da faifai tana da shekaru 16 da haihuwa, ta lashe gasar waƙa ta ƙasashen Turai, wato Eurovision, tana da 17, sannan ta jingine waƙa tana da 50, bayan mutuwar mijinta da kuma ta 'yarta.

Masu sharhi kan kaɗe-kaɗe a Faransa kan kasa rayuwarta gida biyu. A kashin farko, yarinya ce da manya ke rubuta wa abin da za ta rera, su zaɓa mata suna, su sa hannu a takardun kwantiraginta, wani lokacin ma su sa mata magana a baki ba tare da ta san ma'anarta ba. A kashi na biyu kuwa, mace ce da ta tashi da ƙafarta ta nemo wanda zai riƙa rubuta mata waƙa, ta kuma ƙi sake rera akasarin waƙoƙin da suka fito da ita.

Gidan mawaƙa

An haife ta ne a birnin Paris ranar 9 ga watan Oktoban shekarar 1947, aka raɗa mata suna Isabelle Geneviève Marie Anne Gall. A gida kuwa Babou ake kiranta.

Hausawa na cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Mahaifinta, Robert Gall, mawaƙi ne da ya koma rubuta wa wasu baitoci, kuma cikin waɗanda suka rera abin da ya rubuta har da Edith Piaf da Charles Aznavour. Shi ne ya rubuta baitocin La Mamma, ɗaya daga cikin waƙoƙin Aznavour da suka fi shahara. Kakanta na wajen uwa, Paul Berthier, na cikin mutanen da suka kafa wata sananniyar ƙungiyar yara mawaƙan coci a Paris, a farkon ƙarni na 20.

Tun tana ƙarama ta koyi kaɗa fiyano da jita. A shekarar 1963 mahaifinta ya sa ta naɗi wasu waƙoƙi, ya aika wa Denis Bourgeois, wani mai shirya waƙoƙi da ke hulɗa da kamfanin faifai na Philips. Kamfanin ya ɗauke ta. Da yake a wancan lokaci dokar Faransa ba ta ɗaukar mutum a matsayin baligi sai ya cika shekaru 21, mahaifin ne ya sa hannu a madadinta.

Abu na farko da aka sauya mata shi ne suna. A lokacin akwai wata mawaƙiya mai tashe, Isabelle Aubret, wadda ta ciyo wa Faransa gasar Eurovision ta 1962, kuma kamfanin bai so a riƙa rikita su ba. Sai aka mayar da ita France Gall, sunan da a kunnen Bafaranshe ya yi daidai da yadda ake sanar da wasan ƙwallon zari-ruga tsakanin Faransa da Wales. Ba ita ta zaɓa ba, kuma da farko ba ta so shi ba.

Zamanin yé-yé

Ta shigo fagen waƙa ne a daidai lokacin da matasan Faransa, waɗanda aka haifa bayan Yaƙin Duniya na Biyu, suka fara juya baya ga waƙoƙin iyayensu suna karkata ga kiɗan Amurka da na Ingila.

Cibiyar wannan sabon yayi ita ce wani shiri na gidan rediyon Europe 1 mai suna Salut les copains, da kuma mujallar da ke ɗauke da wannan suna. A watan Yunin 1963 mujallar ta shirya bikin waƙa kyauta a dandalin Nation da ke Paris, inda matasa sama da 100,000 suka yi dafifi, abin da ya tayar da hankalin hukumomi da iyaye. Bayan bikin ne masanin zamantakewa Edgar Morin ya yi rubutu a jaridar Le Monde, ya laƙaba wa matasan sunan yé-yé, saboda amshin da suke kwaikwayo daga waƙoƙin Turancin Ingilishi. Johnny Hallyday da Sylvie Vartan da Françoise Hardy da Claude François duk 'yan wannan zamani ne.

A wannan shiri aka fara sa waƙar France Gall ta farko, Ne sois pas si bête, a ranar da ta cika shekaru 16. Waƙar ta karɓu, kuma ba da jimawa ba yarinyar ta bar makaranta.

A shekarar 1964 mahaifinta ya rubuta mata Sacré Charlemagne, waƙar 'yan makaranta da ke yi wa tsohon sarki Charlemagne ƙorafi a kan cewa shi ya ƙirƙiro karatun boko. Ita France ba ta son waƙar, tana ganin ta yara ce, amma aka sa ta rera. Faifan ya yi kasuwa matuƙa a ciki da wajen Faransa, har yanzu kuma yara na rera ta.

Sai dai mutumin da ya fi yin tasiri a wannan kashi na rayuwarta shi ne Serge Gainsbourg, wanda ya girme ta da shekaru 19. Gainsbourg gwani ne wajen sarrafa harshen Faransanci, amma a lokacin nasa faya-fayan ba sa tafiya sosai. Denis Bourgeois ne ya haɗa su. A 1964 ya rubuta mata N'écoute pas les idoles da Laisse tomber les filles, dukkansu kuma suka yi tashe. Ita ta samu waƙoƙi masu armashi, shi kuma ya samu kuɗi da sunan da ya daɗe yana nema.

Daren Naples

A ranar 20 ga watan Maris na 1965 aka gudanar da gasar Eurovision karo na 10 a birnin Naples na ƙasar Italiya, ƙasashe 18 suka shiga.

France Gall ba ƙasarta ta wakilta ba. Gidan talabijin na Luxemburg ne ya ɗauko ta, kamar yadda wannan ƙaramar ƙasa ta saba ɗauko mawaƙa daga waje. Sau biyar Luxemburg ta ci gasar a tarihi, kuma babu ko ɗaya da ɗan ƙasar ya ciyo mata.

Waƙar da ta je da ita, Poupée de cire, poupée de son, Gainsbourg ne ya rubuta. Kafin wannan shekara, waƙoƙi masu sanyi da jan murya ne suka saba cin gasar. Wannan kuwa gudu take yi kamar doki ya tsinke linzami. A lokacin gwaji makaɗan zauren sun nuna rashin jin daɗinsu a fili, abin da ya ƙara tsorata yarinyar. A daren gasar muryarta ta ɗan yi rawa, wasu masu sharhi ma suka ce ta kauce wa kiɗa. Duk da haka ta zo ta ɗaya da maki 32, Kathy Kirby ta Birtaniya ta biyo ta da maki 26, wakilin Faransa Guy Mardel ya zo na uku.

Kamar yadda ita kanta ta bayyana shekaru da dama bayan haka, wannan dare bai yi mata daɗi ba. Ta ce da aka sanar da sakamako ta buga wa saurayinta na lokacin, mawaƙi Claude François, waya, maimakon ya taya ta murna sai ya kushe yadda ta rera, ya kuma ce sun rabu. Da ta koma dandamali domin maimaita waƙar, 'yan kallo sun ɗauka hawayen farin ciki take yi.

Sunan waƙar na buƙatar bayani, domin a cikinsa labarin yake. Kashin farko na nufin 'yar tsana ta kakin zuma. A kashi na biyu, kalmar son na da ma'ana biyu a Faransanci: dusar da ake cusa wa 'yar tsana a ciki, da kuma sauti. Baitocin kuma na magana ne a kan wata mawaƙiya da ke rera waƙoƙin soyayya alhali ba ta san komai ba game da rayuwa. Wato dai Gainsbourg ya sa ta hau dandamali a gaban miliyoyin masu kallon talabijin, tana bayyana kanta a matsayin 'yar tsanar da wani ke juyawa.

Waƙar ta zagaya duniya. France Gall ta sake naɗar ta da Jamusanci da Italiyanci da Japananci, ta kuma yi suna sosai a Japan. Ana kallon wannan nasara a matsayin wadda ta buɗe wa kiɗan matasa ƙofar gasar Eurovision.

Waƙa mai harshen damo

A shekarar 1966 Gainsbourg ya kawo mata Les Sucettes. A zahiri waƙa ce a kan wata yarinya mai son alewa. A baɗini kuwa baitocin cike suke da batsa, wadda duk wani babba da ya ji zai gane. France Gall tana da shekaru 18, ta kuma rera ta da zuciya ɗaya, har a talabijin, inda masu shirin suka ƙawata dandamalin ta yadda ma'anar ta biyu za ta ƙara fitowa.

Da ta fahimci abin da aka sa ta faɗa, sai ta ɓuya a gida na tsawon makonni saboda kunya. Ta sha faɗa daga baya cewa ta ji manyan da ke kewaye da ita sun ci amanarta, kuma abin ya sa ta daɗe tana ɗari-ɗari da maza.

Shi Gainsbourg bai ɓoye cewa da gangan ya yi ba, kuma na tsawon shekaru jama'a da dama a Faransa sun ɗauki lamarin a matsayin abin raha da shaidar basirarsa. Amma waƙar ba daga hannunsa ta faɗa kunnen jama'a kai tsaye ba. Ta bi ta hannun masu shiryawa, da kamfanin faifai, da gidan talabijin, kuma a cewarta babu wanda ya ja ta gefe ya faɗa mata. A 'yan shekarun nan, da muhawara ta ƙaru kan yadda ake cin zarafin 'yan mata a masana'antun waƙa da fim, Faransawa da yawa sun sake duban wannan labari da wani ido daban.

Ba da daɗewa ba aikinta da Gainsbourg ya zo ƙarshe, kuma ba ta sake yarda ta rera Les Sucettes ba.

Soyayyarta da Claude François ma ta mutu kwata-kwata a 1967. Daga wannan rabuwa ce ya samo jigon waƙarsa Comme d'habitude, wadda Paul Anka ya yi wa sababbin baitoci da Turanci, Frank Sinatra ya rera ta a 1969 da sunan My Way. Kaɗan ne daga cikin masu jin wannan waƙa a duniya suka san cewa tushenta na komawa ga France Gall.

Shekarun koma-baya

Daga 1968 kasuwarta ta yi sanyi a gida. Yayin yé-yé ya wuce, matasan da suka yi boren watan Mayun 1968 suna neman wani abu dabam, ita kuma jama'a sun riga sun yi mata tambarin mai waƙar yara. Ta bar Philips, ta koma wani ƙaramin kamfani wanda daga bisani ya karye, ta gwada wasu, amma babu abin da ya kama.

Jamus ta Yamma ce ta rufa mata asiri. Daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa farkon na 1970 ta naɗi waƙoƙi masu yawa da Jamusanci, cikinsu har da Der Computer Nr. 3 ta 1968, wadda ke ba da labarin kwamfutar da ke zaɓa wa budurwa saurayin da ya dace da ita, tun zamanin da kwamfuta ɗaya kan cika ɗaki guda. Waƙoƙi ne na nishaɗi, sun kuma kawo mata kuɗi, amma ita ba ta ɗauke su da wata daraja ba. Tana da shekaru 25 ta fara tunanin barin sana'ar.

Michel Berger

A shekarar 1973 ta ji wata waƙa mai suna Attends-moi a rediyo, ta wani matashi sa'anta, Michel Berger. Ta yanke shawarar cewa shi ne zai rubuta mata waƙa, ko kuma ta haƙura da waƙar baki ɗaya.

Sunansa na asali Michel Hamburger. Mahaifinsa, Farfesa Jean Hamburger, na cikin likitocin da suka share fagen dashen ƙoda a duniya, mahaifiyarsa kuma, Annette Haas, gwanar fiyano ce. Berger ya riga ya yi suna wajen shirya wa wasu waƙoƙi, musamman Véronique Sanson da Françoise Hardy.

Da farko bai amsa ba. Ita kuwa ba ta karaya ba, ta yi ta bibiyarsa har ya yarda. A 1974 ya rubuta mata La Déclaration d'amour, waƙar da ta dawo da ita cikin sahun gaba. Wannan ne karo na farko da ta zaɓi abokin aiki da kanta.

A farkon 1976 suka fitar da kundin waƙoƙi mai ɗauke da sunanta kawai, a ranar 22 ga watan Yunin shekarar kuma suka yi aure a Paris. Sun haifi 'ya'ya biyu: mace, Pauline, a 1978, da namiji, Raphaël, a 1981.

Daga nan ba ta ƙara rera waƙar wani a faya-fayanta ba sai ta mijinta. Ana iya cewa ta fita daga hannun wani namiji ne ta faɗa hannun wani, kuma akwai masu faɗin haka. Sai dai bambancin a bayyane yake ga duk wanda ya saurari faya-fayan zamunnan biyu. Gainsbourg ya rubuta waƙa a kanta, yana yi mata dariya ta bayan fage. Berger kuwa da ita yake zama, ta karɓi abin da ta ga ya dace da bakinta ta ƙi wanda bai dace ba, kuma tana da ta cewa kan kiɗa da tsarin dandamali. Muryar ma ta sauya: siririyar muryar yarinta ta ba da wuri ga wata mai nauyi, mai bin kiɗa daki-daki.

A 1978 ta yi wasa a zauren Théâtre des Champs-Élysées, tare da ƙungiyar makaɗa mata, abin da ba a saba gani ba a lokacin. A shekara mai zuwa ta fito a Starmania, wasan kwaikwayo na waƙa da Berger ya shirya tare da marubuci Luc Plamondon na lardin Quebec a Kanada. Ta fito a matsayin Cristal, mai gabatar da shiri a talabijin da ta faɗa soyayya da shugaban wasu 'yan tawaye, rawar da wani matashin mawaƙi, Daniel Balavoine, ya taka. Daga nan Balavoine ya zama aminin gidan.

Shekarun 1980 su ne ganiyarta. Il jouait du piano debout ta 1980, wadda Berger ya samo jigonta daga Ba'amurke Jerry Lee Lewis mai kaɗa fiyano a tsaye, yabo ce ga mutumin da ya ƙi bin sahun jama'a. Résiste ta 1981 kira ne ga mai sauraro da kada ya amince da rayuwar da wasu suka tsara masa. A tsakanin waɗannan biyu ta yi waƙar haɗin gwiwa da Elton John na Ingila. Kundin Débranche na 1984 ma ya yi kasuwa, ta kuma riƙa cika manyan zauruka na Paris irin su Palais des Sports da Zénith.

Afirka

Farin da ya addabi Habasha da ƙasashen yankin Sahel a 1984 da 1985, ciki har da Mali da Nijar, ya sa mawaƙan Turai da Amurka sun shiga neman taimako. France Gall ta shiga sahun mawaƙan Faransa da suka yi waƙar tara kuɗi domin Habasha a 1985. Haka kuma ita da Berger da Balavoine da ɗan wasan fim Richard Berry sun jagoranci wani shiri mai suna Action Écoles, wanda ya sa ɗaliban makarantun Faransa tattara gudunmawa domin ƙananan ayyukan raya karkara a Afirka.

A watan Janairun 1986 Balavoine ya bi ayarin tseren motoci na Paris-Dakar, ba a matsayin ɗan tsere ba, sai domin wani aiki na kafa famfunan ruwa a ƙauyuka. A ranar 14 ga watan, ranar da ayarin ya tashi daga Yamai ya nufi Mali, jirgi mai saukar ungulu da yake ciki ya faɗi da dare kusa da Gourma-Rharous. Mutane biyar ne suka mutu, cikinsu har da Balavoine, mai shekaru 33, da Thierry Sabine, wanda ya ƙirƙiro tseren. Waƙar Évidemment, wadda da yawa ke ganin ita ce mafi ratsa zuciya cikin waƙoƙin France Gall, ta'aziyyarsa ce.

Waƙar na cikin kundin Babacar na 1987. Shi wannan suna, wanda shi ne yadda mutanen Senegal ke faɗin Abubakar, na wani jariri ne da ta gamu da shi a Dakar. Kamar yadda ta ba da labari, ta yaba kyan yaron ne kawai, sai uwar, wadda talauci ya yi wa katutu, ta ce ta ba ta shi ta tafi da shi Faransa. Mawaƙiyar ta koma gida abin na damunta. Bayan sun yi shawara da mijinta, suka ga bai kamata a raba ɗa da uwarsa ba. Maimakon haka suka ɗauki nauyin matsugunin uwar da kuma koyon ɗinkinta, domin ta riƙe ɗanta da kanta. Da za a ɗauki hotunan bidiyon waƙar, Dakar ta koma.

An sha sukar irin wannan taimako na taurarin Turai na wancan zamani, cewa ana nuna Afirka ne kawai a matsayin nahiyar yunwa, kuma da an kashe kyamara kowa ya kama gabansa. Ita dai France Gall ba ta kama gabanta ba. Ta yi aiki da shahararren makaɗin gangar sabar na Senegal, Doudou N'Diaye Rose, ta kuma mallaki gida a Ngor, wani ɗan ƙaramin tsibiri da ke daura da Dakar, wanda ake shiga da kwalekwale, a yankin masunta 'yan ƙabilar Lebu. Ta ci gaba da zuwa can har ƙarshen rayuwarta.

A cikin wannan kundi ne kuma Ella, elle l'a take, waƙar yabo ga mawaƙiyar jazz baƙar fata ta Amurka, Ella Fitzgerald. Waƙar ta zo ta ɗaya a jerin waƙoƙin da aka fi saye a Jamus ta Yamma a 1988, wannan karon da Faransanci, a ƙasar da a da sai da Jamusanci take samun shiga. A 1987 an zaɓe ta gwarzuwar mawaƙiya ta shekara a bikin Victoires de la musique, wanda shi ne mafi girma a fagen waƙa a Faransa.

Rashi a kan rashi

Akwai abin da jama'a ba su sani ba duk tsawon waɗannan shekaru. Tun Pauline tana ƙarama likitoci suka gano tana ɗauke da wata cuta ta gado da Faransawa ke kira mucoviscidose, wadda ke sa majina mai kauri ta riƙa toshe huhu da hanyoyin narkar da abinci. Iyayen sun ɓoye maganar domin yarinyar ta tashi kamar sauran yara, suka kuma tsara aikinsu ta yadda idan ɗaya na yawon wasa, ɗaya na gida.

Bayan rangadin da ta yi a 1988, France Gall ta janye daga dandamali na wasu shekaru. A watan Yunin 1992 ita da mijinta suka fitar da Double Jeu, kundi na farko da suka rera tare daga farko har ƙarshe, suna kuma shirin fita rangadi. A ranar 2 ga watan Agusta, Michel Berger ya mutu sakamakon bugun zuciya, jim kaɗan bayan ya buga wasan tanis a gidansu da ke Ramatuelle a kudancin Faransa. Shekarunsa 44.

A 1993 aka gano tana da cutar sankarar mama, aka yi mata aiki. A watan Satumban wannan shekara ta hau dandamalin Bercy, zaure mafi girma a Paris a lokacin, ta rera waƙoƙin da ya kamata su rera su biyu. Ta sake yin wasa a zauren Pleyel a 1994, sannan a 1996 ta fitar da kundinta na ƙarshe mai suna France, wanda ta naɗa a Amurka, inda ta sake wa waƙoƙin Berger sabon kiɗa. Fitaccen mai shirya fina-finai Jean-Luc Godard ne ya yi bidiyon ɗaya daga cikin waƙoƙin, amma sau ɗaya tak aka nuna shi a talabijin, saboda matsalar haƙƙin mallakar hotunan da ya cusa a ciki.

Pauline ta rasu ranar 15 ga watan Disamban 1997, tana da shekaru 19. Daga nan France Gall ta daina waƙa.

Sau ƙalilan aka sake ganinta da makirufo, kamar a shekara ta 2000 da ta hau dandamalin Olympia tare da Johnny Hallyday, suka rera Quelque chose de Tennessee, wadda Berger ya rubuta masa. A 2001 gidan talabijin na France 3 ya nuna wani dogon shiri inda ta ba da tarihinta da bakinta. Sauran lokacinta ta raba shi ne tsakanin Paris da Ngor, tana kula da gadon waƙoƙin mijinta, tana kuma tallafa wa wata ƙungiya mai taimakon matan da ba su da matsuguni. A 2013 gwamnatin Faransa ta ba ta lambar girma ta Légion d'honneur.

Aikinta na ƙarshe shi ne Résiste, wasan kwaikwayo na waƙa da rawa da ta tsara tare da abokin zamanta Bruck Dawit, aka fara nuna shi a Palais des Sports a watan Nuwamban 2015. Matasa ne suka rera waƙoƙin Berger, ita kuwa a majigi kawai ta fito tana ba da labari.

Cutar sankara ta dawo mata a shekarunta na ƙarshe. Rashin lafiya ya hana ta halartar jana'izar Johnny Hallyday a watan Disamban 2017. Wata guda bayan haka, ranar 7 ga watan Janairun 2018, ta mutu a Asibitin Amurka da ke Neuilly-sur-Seine, kusa da Paris, tana da shekaru 70. An binne ta a maƙabartar Montmartre, wuri ɗaya da mijinta da 'yarta.

Waƙoƙin da ta guje wa ba su mutu ba. Quentin Tarantino ya yi amfani da Laisse tomber les filles, a muryar Ba'amurkiya April March, a fim ɗinsa Death Proof na 2007. A gasar Eurovision ta 2025 da aka yi a birnin Basel na Switzerland, shekaru 60 bayan daren Naples, Luxemburg ta tura wata matashiya 'yar ƙasarta, Laura Thorn, da waƙa mai suna La poupée monte le son, wato 'yar tsana ta ƙara sauti. Waƙar ta kai zagayen ƙarshe.